Soja a titunan Kano: Dokar da Majalisar Tarayya ta kasa rubutawa tun 1999

A ranar Asabar 25 ga Mayu, 2024, mutanen Kano sun wayi gari da sarakuna biyu. Muhammadu Sanusi II yana Gidan Rumfa, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta soke tsarin masarautu biyar na 2019, ya kuma mayar da shi kan karaga. Aminu Ado Bayero kuma ya dawo gari da asuba, ya sauka a Gidan Nassarawa. Kafin azahar, hotunan sojoji da motocinsu a bakin gidan sun karaɗe wayoyin jama'a.

Reshen Kano na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ya fito ya ce aiwatar da umarnin kotu ba aikin soja ba ne. Rundunar Sojin Ƙasa ta mayar da martani cewa dakarunta ba su tsoma baki a rikicin sarauta ba, sun fito ne kawai don kada doka da oda su lalace.

Kowane ɓangare ya faɗi nasa, sai dai akwai tambayoyin da suka fi rikicin sarautar daɗewa. Wa ya nemi a kawo sojojin? Wa ya amince? A kan waɗanne sharuɗɗa, kuma na tsawon wane lokaci? Babu wata doka a Najeriya da ta tilasta wa wani jami'i ya amsa wa jama'a waɗannan tambayoyi. Wannan giɓi ya kamata ya dami kowane Bakano, ko wane sarki yake goyon baya, ko wace jam'iyya yake zaɓa.

Abin da tsarin mulki ya ce

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar aikin soja a duhu ba. Sashe na 1(2) ya haramta wa kowane mutum ko gungun mutane karɓar ragamar mulkin Najeriya ta hanyar da kundin bai tanada ba. Wato juyin mulki laifi ne, ko da wace hujja aka kawo.

Sashe na 217(2) kuma ya lissafa ayyukan rundunonin soji. Na farko, kare ƙasa daga harin waje. Na biyu, kare iyakokinta na ƙasa da ruwa da sama. Na uku, murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da zaman lafiya idan Shugaban Ƙasa ya kira su. Na huɗu, duk wani aiki da Majalisar Tarayya ta ɗora musu ta hanyar doka.

A aikin na uku ne maganar take. Kundin bai bar kiran soja a hannun Shugaban Ƙasa shi kaɗai ba, ya ƙara da cewa za a yi hakan ne bisa sharuɗɗan da dokar Majalisar Tarayya za ta gindaya. Sashe na 218(4) ya sake bai wa majalisar ikon tsara yadda Shugaban Ƙasa zai yi amfani da matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa.

Fiye da shekara 25 ke nan da dawowar mulkin farar hula, majalisa bayan majalisa ta zo ta wuce, amma babu wata doka ta musamman da ta fayyace waɗannan sharuɗɗa. Abin da ake dogaro da shi shi ne sashe na 8 na Dokar Rundunonin Soji, wanda ya bai wa Shugaban Ƙasa ikon tura dakaru ko'ina cikin ƙasa da sunan kiyaye lafiyar jama'a da zaman lafiya, ya kuma ba shi damar wakilta ikon ga manyan hafsoshi. Asalin wannan doka kuwa ita ce dokar soja mai lamba 105 ta 1993. A taƙaice, sojoji ne suka rubuta wa kansu ƙa'idar da ake fito da su titi da ita a zamanin dimokuraɗiyya.

Kano ta san soja a kan mulki

Babu garin da ya fi Kano cancantar magana a kan wannan batu. Shugabannin ƙasa biyu na mulkin soja, Janar Murtala Ramat Muhammad da Janar Sani Abacha, a Kano aka haife su, a Kano aka binne su. Jihar kanta gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta ƙirƙire ta da dokar soja a ranar 27 ga Mayu, 1967. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta cire Jigawa daga cikinta a 1991. Ƙananan hukumomi 44 da ake alfahari da su ma a zamanin soja aka kammala yanka su.

A cikin ganuwa, tasirin ya fi haka zurfi. Kafin juyin mulkin Janairun 1966, En'e ce ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yarin Kurmawa. Cikin 'yan shekaru kaɗan gwamnatin soja ta karɓe su duka, ta rufe kotun Sarki, ta haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage na En'e. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma har yau sashe na 315(5) yana ba ta kariya, ta yadda ba a iya taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Shi kansa kundin na 1999 da dokar soja mai lamba 24 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta ƙaddamar da shi.

Wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye sun yi amfani, ba a musun hakan. 'Yan NEPU sun daɗe suna kuka da yadda ake amfani da kotunan En'e wajen ɗaure su. Haka kuma duk wanda ya ga madatsar ruwa ta Tiga ko ta Bagauda ya san Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975 a ƙarƙashin soja, ya yi aiki. Sai dai alherin da ya dogara da halin mutum ɗaya yana tafiya ne ranar da mutumin ya tafi. Abin da ke zama shi ne tsarin, kuma tsarin mulkin soja ɗaya ne: abin da mai bindiga ya sanya wa hannu shi ne doka, babu kotun da za ta ce a'a.

An ga haka tun 1970. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ta wuce gona da iri wajen ƙwace dukiyar wasu mutane da dokar soja. Cikin makonni kaɗan gwamnatin ta fitar da doka mai lamba 28 ta 1970, ta soke hukuncin, ta hana kotuna sake tuhumar kowace dokar soja.

Sarakuna biyu, zamani biyu

Fadar Kano kanta ta ɗanɗana bambancin. A 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta hukunta Sarki Ado Bayero da Ooni na Ife saboda ziyarar da suka kai Isra'ila. An karɓe fasfonsu, an hana su fita daga yankunansu har wata shida. Babu zaman kotu, babu ɗaukaka ƙara. A shekarar ce aka kafa doka mai lamba 2, wadda ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, da doka mai lamba 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, da ita. Kotunan musamman na soja ne suka ɗaure tsofaffin gwamnonin Kano biyu, Muhammadu Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo. A 1998 kuma, lokacin da ɗan Kano ke mulkin ƙasa, an sake tsare Rimi tare da Sule Lamido saboda sun ƙi yarda Abacha ya zarce.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a ranar 9 ga Maris, 2020, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tuɓe Sanusi II, jami'an tsaro suka kai shi Awe ta jihar Nasarawa. Kwana huɗu bayan haka Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, ya fita. A Nuwambar 2021 kotun ta yanke hukuncin cewa korar da aka yi masa daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki.

Ba wai mulkin farar hula ba ya zalunci ba ne. Yana yi, kuma talakan cikin birni ya fi kowa sani. Bambancin shi ne akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Wannan darasi ne ga matasan da suka ɗaga tutar Rasha a titunan Kano a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wasunsu suna kiran soja su karɓi mulki kamar yadda aka yi a Nijar. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, fushinsu ma yana da dalili. Amma yawancinsu ba a haife su ba lokacin da soja ya bar mulki. Da aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, 2024, har yara suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, hotunan 'yan jarida da hayaniyar lauyoyi da ƙorafin jama'a ne suka sa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki. Waɗannan abubuwa uku su ne farkon abin da dokokin soja na 1984 suka rufe wa baki. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Najeriya ta shafe kusan shekara 29 a hannun soja kafin ta fito.

Akwai ranar da ake buƙatar soja

Masu cewa a mayar da sojoji bariki gaba ɗaya su ma ba su yi wa tarihin Kano adalci ba. A ranar 18 ga Disamba, 1980, mabiya Muhammadu Marwa Maitatsine suka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci. Rikicin ya fi ƙarfin 'yan sanda, unguwannin da ke kewaye da 'Yan Awaki suka zama fagen yaƙi. Sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo sojoji sannan aka shawo kan lamarin a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ce mutum 4,177 ne suka mutu.

Haka aka sake gani bayan hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu, 2012, da suka kashe aƙalla mutum 185, da harin Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu. Dakarun Birged ta 3 da ke barikin Bukavu da sauran jami'an rundunar haɗin gwiwa sun taka rawa wajen hana 'yan ta'adda kafa sansani a Kano, wasunsu sun mutu a bakin aiki. Mutanen Shanono da Tsanyawa da ke fama da 'yan bindigar da ke tsallakowa daga iyakar Katsina su ma soja suke nema, kuma suna da gaskiya.

Saboda haka ba a kan ko a kira soja ko kada a kira ake jayayya ba. Maganar ita ce yaushe, da izinin wa, da wace iyaka, kuma wa zai amsa idan aka yi ɓarna.

Domin ɓarna kam ana yi. A Zariya, a Disambar 2015, kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya gano an kashe aƙalla fararen hula 348 a arangamar sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, ya kuma ba da shawarar a hukunta jami'an da ke da hannu. Har yau jama'a ba su ga an gurfanar da su ba. A Tudun Biri, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla masu Mauludi 85. A Samarun Zariya kuma, a Agustan 2024, rundunar soji da kanta ta amsa cewa wani sojanta ya harbe yaro ɗan shekara 16 lokacin dokar hana fita.

Dalilin a fili yake. Soja an horar da shi ne ya ga abokin gaba ya gama da shi. Ɗan sanda an horar da shi ya kama wanda ake zargi, ya tattara shaida, ya kai shi kotu. Idan aka ajiye mai horon farko a lungunan Jakara ko Mandawari ko Kurna ba tare da rubutacciyar iyaka ba, an cuci mazauna unguwar, an kuma cuci sojan da aka ɗora wa aikin da ba nasa ba.

Zuwa Yamai sai da izini, zuwa Kano babu

Abin mamaki shi ne tsarin mulki ya san yadda ake ɗaure hannun Shugaban Ƙasa idan yaƙin na waje ne. Sashe na 5(4) ya hana ayyana yaƙi sai da amincewar majalisun biyu, ya kuma hana tura soja fagen fama a wata ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa. Ko a halin gaggawa, sashe na 5(5) ya ce dole a nemi amincewar dattawan cikin kwana bakwai, su kuma su yanke shawara cikin kwana 14.

An ga amfanin wannan tanadi a Agustan 2023. Bayan Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Majalisar Dattawa ba ta goyi bayan matakin soja ba, ta ce a bi hanyar sulhu. Malamai da sarakunan Arewa sun yi ta kai gwauro da mari tsakanin Abuja da Yamai, ba a kuma harba harsashi ko ɗaya ba.

To idan sai an nemi izini kafin soja ya tsallaka Maraɗi, me ya sa ba a buƙatar ko takardar sanarwa kafin ya ja daga a Ƙofar Kudu?

Kotuna sun sha jan kunne. A Janairun 2015, Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya a Sakkwato ya yanke hukuncin cewa ba za a tura sojoji aikin zaɓe ba sai da dokar majalisa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta taƙaita abin da hukumar zaɓe za ta nemi soja ya yi ga rakiyar kayan zaɓe da kare ma'aikatansa. Wannan ya nuna majalisa ta iya rubuta iyaka idan ta ga dama. Wasu ƙasashe ma sun yi. Amurka tana da doka tun 1878 da ta hana amfani da sojan ƙasa wajen aikin 'yan sanda sai inda doka ta ba da izini ƙarara. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu ya wajabta wa shugaban ƙasa ya sanar da majalisa dalilin tura soja, da wurin, da yawansu, da tsawon lokacin da za su yi.

Abin da ya kamata dokar ta ƙunsa

Ba sai an ƙirƙiro wani sabon abu ba. Abubuwa shida za su wadatar.

Na farko, duk wani tura soja cikin gari ya kasance da rubutaccen umarnin Shugaban Ƙasa, a bayyana shi ga jama'a, a faɗi dalili da yanki da wa'adi.

Na biyu, a gabatar da umarnin ga Majalisar Tarayya cikin kwanaki ƙayyadaddu, kuma idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, dakaru su koma bariki.

Na uku, a tuntuɓi gwamnan jihar, a kuma rubuta matsayarsa ko ya yarda ko bai yarda ba. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, amma ba shi da iko ko a kan kofur ɗaya.

Na huɗu, a jera ayyukan da aka haramta wa soja: rikicin sarauta, rigimar fili, karɓar bashi, aiwatar da umarnin kotu, da rakiyar 'yan siyasa da masu kuɗi.

Na biyar, duk farar hular da soja ya kama a miƙa shi ga 'yan sanda nan take, domin sashe na 35 ya ce a kai wanda ake zargi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa. Bariki ba wurin tsare farar hula ba ne.

Na shida, duk inda aka kashe ko aka raunata farar hula, wata hukuma da ba ta ƙarƙashin rundunar ta yi bincike, a fitar da sakamakon a fili, a biya diyya bisa doka, ba bisa tausayin wani babba da ya zo ta'aziyya ba.

Za a ce irin wannan doka za ta kawo jinkiri ranar da wuta ta tashi. Amsar tana cikin sashe na 5(5): a tura dakarun nan take, a kawo bayani daga baya cikin wa'adi. Za a kuma ce 'yan sanda ba su da yawa ko kayan aiki. Gaskiya ne, amma maganin hakan shi ne a ɗauki 'yan sanda, a horar da su, a biya su haƙƙinsu. Mayar da soja ɗan sanda a kusan dukkan jihohi 36 ya raba hankalinsa daga dazukan Zamfara da gaɓar Tafkin Chadi, inda aikinsa na ainihi yake. Ya kuma saba wa jama'a da ganin cewa duk matsalar da ta gagara sai kaki. Daga wannan tunani zuwa kiran juyin mulki taku kaɗan ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙwallo na wajen wakilan Kano

Jihar Kano tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, babu jihar da ta fi ta, ga kuma sanatoci uku. Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin, wanda ke jagorantar kwamitin gyaran tsarin mulki na dattawan, ɗan Kano ne. Wannan doka ma ba ta buƙatar gyaran kundin ko amincewar majalisun jihohi 24. Ƙuduri ne na yau da kullum da ɗan majalisa ɗaya zai iya gabatarwa.

Ya rage ga lauyoyin Kano su tsara daftarin, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kurmi da Kwari da Singa su mara musu baya, malamai su yi bayani a kan mumbari, gidajen rediyo kuma su riƙa tambayar duk ɗan majalisar da ya shigo ɗakin shirye-shirye inda ya tsaya. Jam'iyyar da ke jin daɗin ganin soja a gefenta yau ta tuna cewa mulki juyi-juyi ne, gobe a ƙofar gidan nata mutumin za a ajiye motar. Doka ce kaɗai za ta kare ɓangarorin biyu, ta kuma kare mutuncin rundunar da kowa ke buƙata ranar da abu ya gagara.